Gasar harbi da ƙaramar bindiga: Doka da harsashi ne ke fara zaɓe, kafin mai harbi

Matafiyin da ya taso daga Abuja zuwa Lafiya, idan ya wuce Keffi da Akwanga, zai ratsa ƙasar Nasarawa Eggon, inda tsaunukan Ende suke. A nan ne aka buɗe kwalejin horar da ’yan sandan kwantar da tarzoma a 2020, zamanin da Mohammed Abubakar Adamu, ɗan asalin Lafiya, yake riƙe da muƙamin Sufeto Janar. A Doma kuma, maƙwabciyar Lafiya, akwai mazaunin dakaru na musamman na sojojin ƙasa. Ke nan babban birnin Jihar Nasarawa yana zaune ne tsakanin wurare biyu da ake koyon harbi a matsayin aiki.

Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne harbi a matsayin wasa, mai alƙalai da maki da kofi. Ya ɗan shigo bakin jama’a a 2024, lokacin da hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya karaɗe wayoyi: hannu ɗaya cikin aljihu, ba wani tabarau na musamman, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa a gasar Olamfik ta Faransa. Duk wanda bidiyon irin waɗannan gasa ya burge, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: wace bindiga ake saya, kuma mai wane harsashi?

Tambayar ta shafi masu karatunmu ta fuska biyu. Akwai ma’aikacin da ya je kwas ƙasar waje, aka kai shi filin harbi, ya dawo da sha’awa. Akwai kuma jami’i ko hadimin da wata rana takardar neman kayan wasanni na tawagar ’yan sanda, kwastan ko jami’an tsaron farin kaya za ta sauka a teburinsa, a ce ya ba da shawara. Na farko yana iya jefa kansa a kurkuku, na biyu yana iya ɓarnatar da kuɗin gwamnati a kan kayan da alƙalin gasa zai ƙi karɓa. Dukkansu tsari ɗaya zai fishe su: a fara da doka, a bi da rukunin gasa, sannan harsashi. Sunan bindiga shi ne na ƙarshe.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Dokar da ake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku.

Gida na farko shi ne na haramtattu. A nan aka jera igwa, bama-bamai, bindiga mai jigida da bindigogin yaƙi, kuma a cikin wannan jerin ne ƙaramar bindiga ta faɗo, ko libarba ce ko mai gidan harsashi a mariƙi. Ba mai mallakar ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baza dalma, doguwar bindigar wasa da bindigogin iska, manya da ƙanana. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na ’Yan Sanda. Gida na uku shi ne na bindigogin ɗuri irin adaka da maharba da ’yan bindigar sarakuna suka sani, waɗanda Kwamishinan ’Yan Sanda na jiha ke kula da su.

Hukuncin riƙe ta gida na farko ba tare da lasisi ba ɗaurin shekara goma ne aƙalla. Na gida na biyu yana iya kai wa shekara biyar. Dokar ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 ma rundunar ’yan sanda, ƙarƙashin Kayode Egbetokun, ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi.

Muƙami ba ya canza wannan. A 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Idan gwamna bai iya ba, katin shaidar hadimin minista ba zai iya ba. Don haka a Nijeriya, gasa da ƙaramar bindiga mai harsashin gaske kusan harka ce ta masu kaki, da bindigogin gwamnati, waɗanda ake fitarwa daga rumbun makamai da sa hannu a kuma mayar da sa hannu. Sojojin ƙasa suna da gasarsu ta ƙananan makamai, wadda a watan Maris na 2017 aka yi ta a cikin dajin Sambisa. Ko hukuma ce za ta shigo da bindiga daga waje, sai ta samu takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Wasan da ake magana a kai

Harbin Olamfik da harbin da ake kira na aikace, wasa biyu ne daban. A na farko mutum yana tsaye wuri ɗaya, yana neman tsakiyar allo cikin natsuwa. A na biyu, ɗan wasa yana farawa da bindiga a kube, agogo ya yi ƙara, ya zare, ya yi gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe, wasu a tsaye, wasu suna lilo, yana canza gidan harsashi a kan tafiya.

Ƙungiyar da ke jagorantar wasan a duniya, IPSC, an kafa ta ne a watan Mayun 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, kuma Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin masu ma’anar daidaito, ƙarfi da sauri. Afirka ba baƙuwa ba ce a wasan: an yi gasar duniya ta 1977 a Salisbury, wato Harare ta yau, Afirka ta Kudu kuma ta karɓi baƙuncinta a 1979 da 2002.

Yadda ake ba da maki shi ne mabuɗin fahimtar komai. Allon kwali yana da yanki uku: A a tsakiya, C a kewaye, D a gefe. Ana tara makin da ɗan wasa ya samu, a cire maki goma kan kowane kuskure, a raba abin da ya rage da daƙiƙun da ya ɓata. Mai maki 90 cikin daƙiƙa 15 ya samu 6. Mai maki 100 cif cikin daƙiƙa 20 ya samu 5, ya sha kaye duk da bai kuskure tsakiya ko sau ɗaya ba. Gaggawa ba ta wadatar ba, natsuwa ita kaɗai ma ba ta wadatar ba.

Ka’idar kiyaye rai kuwa ba ta da sassauci. Wanda ya juya bakin bindiga ya wuce kusurwar da aka iyakance, ko ya yi tafiya da yatsa a kan kunama ba yana harbi ba, ko bindiga ta suɓuce masa ta faɗi, an kore shi daga gasar gaba ɗaya, komai girmansa.

Rukuni kafin bindiga

Ba a gwada bindigogi barkatai. Kowace tana da rukuninta, kuma rukuni ne ke faɗin abin da ya halatta.

Rukunin da suke kira Production shi ne na bindigogi kamar yadda suka fito daga masana’anta. Dole ƙirar ta kasance cikin jerin da ƙungiyar ta amince da shi, tsawon bututunta kada ya wuce milimita 127, kuma gidan harsashi kada ya ɗauki fiye da 15 a lokacin farawa. Akwai ma ƙa’idar nauyin kunama: ko dai harbin farko ya buƙaci jan da ya kai kilo 2.27, ko kowane harbi ya buƙaci kilo 1.36. Wannan rukuni yana da ƙani, wanda aka yarda a ɗora wa bindiga madubin saiti mai jan ɗigo.

Rukunin Standard ya fi sakin mara. Ana iya yi wa bindiga gyare-gyare, amma ba madubin saiti, kuma dole ta shige cikin wani akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150 da zurfin 45, da gidan harsashinta a jiki. Idan murfi bai rufu ba, ba ta cikin rukunin. Classic na masu ƙaunar tsohuwar ƙirar 1911 ce ta John Browning. Libarba tana da nata rukunin. Open kuwa shi ne fagen masu hannu da shuni: madubi, na’urar rage tokari a bakin bututu, dogon gidan harsashi har milimita 170. Bindigogin wannan rukuni sun fi kowanne tsada, sun kuma fi buƙatar maƙerin da ya san su.

Ga tawagar hukuma a Nijeriya, Production ne ya fi dacewa, saboda dalilin da ya wuce araha: ita ce ta fi kama da bindigar da jami’i ke ratayawa a bakin aiki, don haka abin da ya koya a filin gasa ba ya tashi a banza.

Lissafin harsashi

A nan ne mafi yawan muhawara take, kuma lissafi ne ke raba gardama. Wasan yana auna ƙarfin harsashi da wata hanya mai sauƙi: a ninka nauyin kan harsashi da gudunsa, a raba da 1,000. Nauyin ana auna shi da giren, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Gudun kuma da ƙafa a daƙiƙa ɗaya. Harsashi mai giren 124, wato kimanin giram 8, da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba da 130. Mai giren 180 da ke gudun ƙafa 960 ya ba da kusan 173.

Mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne 125, kuma shi ake kira ƙaramin ƙarfi. Babban ƙarfi yana farawa daga 170 a Standard, 160 a Open. Amfanin babban ƙarfi yana ga maki: yankin A maki 5 ne ga kowa, amma C maki 4 ne ga babba, 3 ga ƙarami, D kuma 2 ga babba, 1 ga ƙarami. Wato ana saka wa wanda ya jure tokarin harsashi mai ƙarfi.

A ɗauki misalin fage mai allo goma, harbi biyu kowanne. ’Yan wasa biyu sun samu A goma sha huɗu da C shida. Mai ƙaramin ƙarfi yana da maki 88, mai babba yana da 94. Idan na farko ya gama cikin daƙiƙa 16, sakamakonsa 5.5. Na biyu zai doke shi muddin bai wuce daƙiƙa 17 ba; idan tokari ya ja shi zuwa 17 da rabi, ya koma ƙasa da 5.4, ya faɗi. Duk fa’idar babban harsashi a wannan fage daƙiƙa ɗaya ce tak. Gwani yana iya cin moriyarta. Sabon shiga kuwa, hannunsa yana tashi sama bayan kowane harbi, yakan yi asarar fiye da haka kafin ya dawo da saiti.

Harsasai huɗu ne suka fi yawo a wasan. Akwai 9×19, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, shi ne kuma mafi ƙanƙantar kauri da ake yarda da shi. Akwai .40 S&W na 1990, wanda masu neman babban ƙarfi a Standard suka fi riƙo da shi. Akwai .45 ACP, abokin tafiyar ƙirar 1911, mai kauri da nauyi, wanda gidan harsashi ba ya ɗaukar da yawa. Sai .38 Super na 1929, wanda ya samu gida a Open.

A Production wannan muhawara ba ta ma taso ba, domin kowa ana lissafa masa ƙaramin ƙarfi ne, ko da me ya harba. Wanda ya sayi .40 ya shiga wannan rukuni ya ɗauki tokari da tsada ba tare da ƙarin maki ko ɗaya ba. Wannan shi ne irin kuskuren da takardar kwangila ke iya ɗaukowa idan wanda ya rubuta ta bai buɗe littafin ƙa’ida ba.

Ga Nijeriya akwai dalili na biyu da ya fi na maki nauyi. Harsashin 9×19 shi ne wanda hukumomin tsaro suka saba da shi, yana kuma cikin abin da kamfanin ƙera makamai na DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964, yake yi. Duk wani kauri daban yana nufin sabuwar takardar izini, sabon neman kuɗin waje da sabon jira a tashar ruwa. A ƙaddara ɗan wasa ɗaya yana harba 200 a mako, mako 50 a shekara: harsashi 10,000 ke nan. Tawaga mai mutum shida, 60,000. Bindiga sau ɗaya ake sayen ta, harsashi kuwa cefanen kullum ne, kuma wanda ba ya samuwa ya mayar da bindiga kayan ado.

Akwai wani tarko da ya kamata mai shirya tafiya gasa ya sani. A manyan gasa alƙalai suna karɓar samfurin harsashin kowane ɗan wasa, su auna nauyin kai, su harba a gaban na’urar auna gudu. Wanda ya ce babba ne aka samu bai kai ba, a sauko da shi ƙarami. Wanda ya kasa kai 125 kuwa, makinsa duka ba a lissafawa. Albarushi galibi ya fi kuzari a zafi, don haka harsashin da ya ba da 126 a ranar Lafiya ta watan Maris yana iya gazawa da sanyin safiya a tudun Afirka ta Kudu. Shi ya sa masu wasan ke barin rata, su nemi wajen 130.

Sai ita bindigar

Bayan an tsayar da rukuni da harsashi, zaɓin da ya rage ya ƙanƙance. A Production, gida biyu ne. Akwai masu gangar ƙarfe, irin CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, wadda ta fito a 2016 da nauyin da ya haura kilo 1.3, da takwarorinta na kamfanin Tanfoglio na Italiya. Nauyinsu yana shanye tokari, saiti ya dawo da wuri. Akwai kuma masu gangar roba, irin Glock 17 ta Ostiriya, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, mai sauƙin kwancewa da wankewa, mai ƙarancin sassa. Ta farko ta fi daɗin gasa. Ta biyu ta fi haƙuri da ƙura da rashin maƙeri a kusa.

Abubuwa huɗu ake dubawa, kuma ba a duba su a cikin kundin talla. Na ɗaya, rashin cijewa: bindigar da ta sarƙe sau ɗaya a fage ta cinye daƙiƙun da ba sa dawowa, kuma ƙurar hunturu jarrabawa ce ta gaske. Na biyu, dacewa da hannu: yatsa ya kai kunama ba tare da an karkata riƙo ba, babban yatsa ya kai maɓallin sakin gidan harsashi. Tawagar da ke da mata da maza ba za ta wadatu da girman mariƙi ɗaya ba. Na uku, kayan gyara, musamman sifirin da ke gajiya bayan dubban harbi. Na huɗu, kayan rakiya. Dogon fage yana iya buƙatar harbi 32, wanda ke nufin canza gidan harsashi sau biyu aƙalla ga mai 15. Don haka kowane ɗan wasa yana buƙatar huɗu ko biyar, da ɗamara, da kuben da ke rufe kunama, da tabarau da abin toshe kunne. Kasafin da ya ƙare a kan bindiga ya bar tawaga a bakin ƙofa.

Ana cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a wannan wasa nagarta ta fi zama a hannu. Eric Grauffel na Faransa ya fara cin kofin duniya a 1999 a rukunin Open, daga baya ya sauya rukuni, ya ci a Production, ya ci a Standard. Bindigogin sun canza, mai riƙe su bai canza ba.

Ƙofar farar hula

Ga ma’aikacin da ba ya sa kaki, hanyar da ta fi kusa ita ce bindigar iska ta Olamfik, irin wadda Dikeç ya riƙe. Tana harba ’yar dalma mai kaurin milimita 4.5 daga nisan mita 10, da’irar tsakiyar allonta milimita 11.5 ce kacal, nauyin jan kunamarta kuma ba ya gaza giram 500. Ba ta buƙatar daji ko tsauni; zaure mai tsawo da katanga mai kyau ya isa. Sai dai ita ma tana cikin gida na biyu na dokar 1959, wato sai da lasisi, kuma ta hannun Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya da hukumomin wasanni na jihohi ya kamata a bi, ba ta hannun ɗan kasuwar intanet ba.

Ita kanta IPSC ta yi tanadi domin wuraren da doka ta tsananta. Tana da reshen da ake yi da bindigogin gas masu harba ƙwallon roba na milimita 6, da ƙa’idoji kusan iri ɗaya, kuma an yi gasar duniyarsa ta farko a Hong Kong a 2018. Birtaniya ma, bayan kisan ’yan makaranta a Dunblane a 1996, ta haramta ƙananan bindigogi a 1997, har ’yan wasanta suka riƙa fita waje atisaye. Da za ta karɓi Olamfik a 2012 sai da aka yi izini na musamman. Tsananin doka bai kashe wasan a can ba, ya dai tilasta masa bin tsari.

Jihar Nasarawa tana da filayen horo a Ende da Doma, tana da jami’ar tarayya a Lafiya cike da matasa, tana kuma kusa da Abuja inda ake sa hannu a takardu. Ranar da takardar neman kayan harbi ta iso teburinka, tambayoyi huɗu za ka rubuta a gefenta da jan biro kafin ta wuce gaba: Ina izinin? Wane rukuni za a shiga? Harsashi nawa a shekara, daga ina? Wa zai riƙa gyara? Idan an amsa waɗannan, sunan bindigar ba zai yi wuyar samu ba.